Ƙwaya Ɗaya, Magani Biyu

Likitoci na rubuta wa masu hawan jini ƙwaya guda mai magani biyu a haɗe, kamar amlodipine da losartan. Dabara ce mai kyau, domin ma'aikacin da ke gaggawar zuwa ofis ya fi tuna ƙwaya ɗaya. Amma fa ga inda gizo ke saƙa: wani ya karɓi sabuwar, ya ci gaba da shan ragowar tsohuwar amlodipine, ƙafafu su kumbura, jiri ya kwashe shi. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Wajibi ne mai ba da magani ya bayyana masa abin da ƙwayar ta ƙunsa. Mai juna biyu kuwa ta gaggauta sanar da likita, domin losartan na cutar da ɗan tayi.