Mita dubu a sararin sama: wa ya kamata a gaskata, iska ko tauraron ɗan'adam?

Matuƙin jirgin sama marar inji ba shi da abin dogaro sai iskar da ke tasowa tana ɗaga shi, kamar iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa. Idan yana neman lambar azurfa ta hukumar wasannin sararin sama ta duniya, wato FAI, mai hedikwata a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, dole ya cika sharuɗɗa uku: ya shafe awa 5 a sama, ya yi tafiyar kilomita 50, ya kuma hau mita 1,000 daga wuri mafi ƙasa da ya kai a tafiyar. Lambar zinariya na buƙatar hawan mita 3,000, ta lu'ulu'u kuwa 5,000. Ba wanda ke bin sa sama ya shaida, don haka ƙaramar na'urar da ke naɗar bayanan tafiyarsa ita ce shaidarsa. Matsalar ita ce na'urar tana ba da tsawo iri biyu, kuma ba kasafai suke zuwa ɗaya ba.

Na farko daga matsin iska yake. Duk yadda mutum ya ƙara sama, matsin yana raguwa, sai na'urar ta mayar da raguwar zuwa mita. Amma lissafin ya dogara ne a kan wani yanayi na zato da aka amince da shi: digiri 15 a bakin teku, zafin kuma yana sauka da digiri 6.5 a kowace kilomita. Ranar da iska ta fi haka zafi sai ta buɗe, kuma kowane ƙarin digiri 10 yana jawo kuskuren kusan kashi 4 cikin 100. Ke nan matuƙin da ya tashi a zafin Namibiya, ranar da iska ta ɗara wancan zato da digiri 20, sai ya hau kusan mita 1,070 na gaske kafin na'urar ta rubuta masa 1,000. Takwaransa da ya tashi cikin sanyin Turai kuwa zai samu dubun tun bai cika ta ba.

Na biyu daga GPS yake, wanda ba ruwansa da zafi ko sanyi. Tun da Amurka ta daina rage ingancin siginar da gangan a watan Mayun 2000, ya ƙara zama abin dogaro. Sai dai ya fi ƙwarewa wajen faɗin inda kake a kan faɗin tsawonka, domin taurarin duk suna sama da kai, babu na ƙasa da zai daidaita lissafin. Idan jirgi ya karkata yana kewaya cikin iska mai ɗumi, eriya na iya rasa wasu taurarin, adadin ya yi tsalle.

Ƙa'idar FAI ta fifita matsin iska. An yarda da tsawon GPS daga ƙananan na'urori masu araha don lambar azurfa da ta zinariya, amma sai an zabge mita 100 saboda yiwuwar kuskure. Masu suka suna cewa wannan rashin adalci ne: yaya za a hukunta ma'aunin da ya fi kusa da gaskiya, a ɗaukaka wanda kowa ya san yana kuskure?

Hujjarsu tana da ƙarfi, amma ina ganin ƙa'idar ta yi daidai. Lambar yabo kwatanci ce tsakanin matuƙa. Wanda ya samu ta azurfa a shekarun 1930 da matsin iska aka auna shi, lokacin da allura ke zana layi a kan ganga mai juyawa. Mudu ba sikeli ba ne, amma idan da shi aka auna wa kowa a kasuwa, canza shi da rana tsaka shi ne zai jawo rigima. Haka nan dokokin zirga-zirgar jirage da matsin iska suke aiki, kuma shi matuƙi yake gani a gabansa. Sannan shaidu biyu da ba su haɗa tushe ba sun fi ɗaya: ana iya toshe siginar GPS ko a yi mata jabu, amma da wuya a ruɗi ma'aunan biyu a lokaci guda ba tare da saɓani ya bayyana ba.

Hukumar kanta ta nuna ba riƙon al'ada kawai take yi ba. Sama da mita 15,000, inda iska ta yi siriri har ƙaramin kuskuren matsi ke zama mita masu yawa, GPS ne alƙali. Da shi aka tabbatar da tarihin da jirgin Perlan 2 ya kafa a Ajantina a 2018, sama da mita 22,000.

Abin da ya cancanci a sake dubawa shi ne mita 100 ɗin nan. Masu koyo da ƙananan ƙungiyoyi ne ke amfani da na'urori masu araha, kuma a lambar azurfa zabgen ya kai kashi 10 cikin 100 na dukan hawan. Idan bayanan da aka tara sun nuna na'urorin yau sun fi haka inganci, a rage shi. Kafin nan, matuƙin da ke neman lambarsa ta farko gara ya ƙara kewaye biyu ko uku kafin ya bar iskar da ke ɗaga shi.