Askin Malami: Tsakanin Yayi da Mutuncin Aiki

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Ɗalibin da ya kai shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi ya san gaskiyar wannan magana, domin a lokacin ne ake tura shi aikin koyarwa na gwaji, ya tsaya gaban allo, yara su zuba masa ido. Kafin ya buɗe baki an riga an karanta shi daga hula zuwa takalmi. Daga cikin abubuwan da ido ke fara sauka a kansu akwai kai da irin askin da ke bisansa. Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne, askin da ya dace da malami shi ne wanda ba ya janye hankalin ɗalibi daga darasi zuwa kan mai koyar da darasin.

Aski a Al'adar Bahaushe

Bahaushe bai taɓa ɗaukar aski da wasa ba. Tun ranar suna wanzami ke buɗe zabira ya aske gashin da jariri ya zo da shi. A dā akan bar wa yara maza zanko ko tukku, amma da zarar yaro ya tasa sai a aske, domin barin su a kan baligi abin kunya ne. Magidanci kuwa ƙwal-kwabo yake yi ko saisaye, a yi masa gyaran fuska, ya ɗora hula. Wannan ya nuna cewa tun asali aski alama ce da ke bayyana shekarun mutum da matsayinsa a cikin jama'a.

Addinin Musulunci ya ƙarfafa wannan tsari. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar hani a kan aske wani sashe na kai a bar wani. Haka kuma ruwayoyi sun tabbatar da cewa Annabi (SAW) yakan bar gashinsa har ya kai fatar kunne, yana taje shi, yana shafa masa mai. Ke nan tara gashi ba laifi ba ne a karan kansa. Abin ƙi shi ne ƙazanta da askin da aka yi wa kai gunduwa-gunduwa.

Yayi da Ranarsa

Zuwan kilifa da shagunan aski ya sauya lamarin, sannan talabijin da intanet suka ƙara masa gudu. A shekarun 1970 samari sun yi yayin tara suma mai suna afro. A gasar cin kofin duniya ta 2002, ɗan wasan Barazil, Ronaldo, ya aske kansa ya bar ɗan gashi kamar rabin wata a gaban goshi, yara da yawa suka kwaikwaya. A 2012, bayan Mario Balotelli na Italiya ya ci Jamus ƙwallo biyu a gasar nahiyar Turai, tsirin gashin da yake bari a tsakiyar kai ya bazu har ana kiran askin da sunansa. Kowanne daga cikin waɗannan ya yi tashe, ya kuma wuce.

Ɗan ƙwallo yana da dalilinsa, domin sana'arsa ta a kalle shi ce, kuma ficewa daga cikin mutum 22 a fili riba ce gare shi. Malami akasin haka yake. Ana son a kalli abin da ya rubuta a allo, a saurari abin da yake faɗa. Idan ya shiga aji da zane a gefen kai ko rini a suma, minti 40 na darasi zai tafi a raɗa da ƙyafce, kafin sati ya zagayo kuma an laƙaba masa sunan da zai daɗe bai rabu da shi ba.

Wanzami Ba Ya Son Jarfa

Akwai wani dalili da ya fi wannan nauyi. A mafi yawan makarantun firamare da sakandare, malami ne ke duba farce da haƙori da kan yara a layin safe, shi ne kuma ke mayar da yaro gida idan ya zo da askin banza. Wanda ya kafa doka da baki ya karya ta da kansa ya zama wanzamin da ba ya son jarfa. Yara ba sa mantuwa da irin wannan, kuma daga ranar da suka gane cewa dokar ta ƙaramin mutum ce kawai, tsawatarwar malamin ta rage kaifi. Tun 1993 da aka kafa hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN, ake fafutukar ganin an ɗauki koyarwa a matsayin sana'ar ƙwararru kamar aikin likita da lauya. Mai neman a ba shi wannan daraja dole ne ya bayyana a kamannin da ke cewa ya san darajar.

Yadda Za a Zaɓa

Abu na farko shi ne daidaito. Saisaye mai tsawo ɗaya, ko wanda aka ɗan rage gefe a hankali ba tare da an bar gaɓa ba, ya dace da kowane wurin aiki. Masu aski na aiki da lambobi: matajin kilifa mai lamba 1 yakan bar kusan milimita 3 na gashi, mai lamba 2 kuwa kusan milimita 6. Duk wanda ya san lambarsa ya huta da dogon bayani. Mai sanƙo ya fi kyau ya rage gashin sosai ko ya aske gaba ɗaya. Mai sa hula kullum kuma gajeren gashi ya fi masa, saboda zufa da amosanin kai.

Abu na biyu shi ne kulawa. Gashi na tsiro kusan santimita 1 a wata, don haka gyara duk bayan sati biyu ya wadatar. Wannan lissafi na da muhimmanci ga mai ƙaramin albashi, domin askin da ke neman a koma shago duk bayan kwana uku rami ne a aljihu. Gemu da saje da gashin baki su ma a daidaita su, a taje.

Abu na uku shi ne lafiya. Makero na yaɗuwa ta kayan askin da ba a tsabtace ba, kuma ƙwayar cutar hanta nau'in B na iya rayuwa a kan ƙarfe aƙalla kwana 7. Malamin da zai koyar da tsabta a aji ya kamata ya nemi sabuwar reza a gabansa, ko ya mallaki kilifarsa idan da hali.

Abin da Masu Suka ke Cewa

Wasu na ganin ilimi a ƙwaƙwalwa yake, gashi bai taɓa koyar da lissafi ba, don haka sa ido a kan askin malami tauye 'yanci ne. A maganarsu akwai ƙamshin gaskiya, domin kyan aski ba ya rufe rashin shirya darasi. Sai dai uban da ya kawo ɗansa makaranta ba ya ganin ƙwaƙwalwa, abin da ya bayyana yake gani, da shi kuma yake yanke hukuncin ko zai amince. A ƙauyen da ake lallashin iyaye su saki 'ya'yansu zuwa boko, kamannin malami na iya zama hujjar mai neman hujja.

Duk da haka, shugabannin makarantu ma suna da nasu nauyin. Bai dace a wulaƙanta malami a gaban ɗalibai saboda gashi ba, kuma bai dace son ran shugaba ya zama doka ba. Nijeriya ƙasa ce mai al'adu da addinai daban-daban. A rubuta ƙa'ida a fili, a sanar da sabon malami tun ranar da ya kama aiki, a kuma yi ta a kan kowa.

Kammalawa

Ɗalibin da ke shirin fita aikin gwaji zai amfana idan ya ziyarci makarantar da aka tura shi tun kafin ranar farawa, ya lura da shigar malamanta, ya tambayi ƙa'idarta, sannan ya biya shagon aski. Idan aka tashi daga darasinsa yara suna muhawara a kan abin da ya koyar, babu wanda ya tuna da irin askin da ke kansa, to ya yi zaɓin da ya dace.