Waiwaye: Ramin Da Mai Haƙa Ya Bari

Duk wanda ya tashi a kudancin Jigawa ya san yadda ake samun ruwa a rafin da ya ƙafe. Idan rani ya yi nisa, mata kan sauka cikin rafin da ƙwarya, su tona yashi kamu ɗaya ko biyu, su ɗan jira. Ba a jimawa ruwa zai tsattsafo garau, a cika tulu. Muna yara mun ɗauka rafin ne ke ɓoye ruwansa. Sai da muka girma muka gane cewa yashin nan shi ne randar gari.

Dalilin yana ƙarƙashin ƙafafunmu. Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram a kan tsohon dutse take zaune, ba kamar Haɗejia da Gumel ba, inda ƙasa mai laushi ta yi zurfi tana riƙe ruwa da yawa. A nan ruwan ƙasa yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama, da tsagogin dutse, da yashin rafuka da fadamu. Shi ya sa mai haƙa burtsatse kan tona nan ya tashi a tutar babu, ya matsa gaba kaɗan ya dace. Ruwa irin wannan ba shi da wuyar ɓacewa. Idan 'yan tifa suka kwashe yashin rafi ƙarƙaf, gindin rafin sai ya zurfafa, ruwan gefe ya zuraro ciki ya wuce, rijiyoyin lambu su ja baya, gaɓa ta fara zaftarewa tana cin gona. Ramin burji da aka bari a bakin hanya kuwa, damina biyu ta ishe shi ya zama kwazazzabo, ko kududdufin da ke cin yara.

Ba mu ne farau ba. Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka kafa kamfanonin haƙar kuza a Jos, kuma Hausawa da yawa sun je can lebura. An yi shekaru ana kwasar arziki zuwa Ingila. Da kasuwar kuza ta faɗi a 1985, aikin da dama ya riga ya ja baya sai ya durƙushe, aka bar wa mutanen Filato ɗaruruwan ramuka cike da ruwa da tsibin ƙasar da ba ta nomuwa. Waɗanda suka ci riba sun tafi, jikokin masu gonakin ne ke zaune da ramukan har yau.

Na Zamfara ya fi ciwo. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje, ana wankewa kusa da tafkuna da rijiyoyi, ashe cike yake da dalma. Yara sama da 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, garin Bagega kuwa ya jira har 2013 kafin a share shi. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Ba doka ce babu ba. Tun 1992 aka wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa mai lasisi nauyin gyara wurin da ya haƙa, ta ce ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da mutanen garin, ta kuma tanadi kwamitin ma'adinai da muhalli a kowace jiha. Hukumar kula da muhalli ta NESREA ta fitar da ƙa'idojin zaizayar ƙasa da na tsabtar ruwa a 2011, da na fasa dutse da nakiya a 2013. Inda gizo ke saƙar shi ne, lasisi daga Abuja yake fitowa, ƙasa tana hannun gwamna bisa dokar filaye ta 1978, ramin kuma a ƙasar dagaci yake. Kowa na jiran wani ya motsa, tifa kuwa ba ta jira.

Namu bai kai na Jos ko Zamfara ba tukuna, kuma nan ne sa'armu take. Duwatsun da ake fasawa a sayar da tsakuwa 'yan uwan Dutsen Habude ne da Dutsen Mesa, waɗanda zanen shanun mutanen dā ke jikinsu har yanzu. Babu mai cewa a daina gini ko a hana matasa neman halak. Amma ranka ya daɗe dagaci, da kai malam mai gona, kafin ku sa hannu a takardar kowa, ku auna zurfin rijiyoyin unguwa ku rubuta, a riƙa sake aunawa duk rani. A shata iyakar da tifa ba za ta tsallaka ba a bakin rafi. A rubuta sunan wanda zai cike ramin, da ranar da zai cike shi, tun injinsa bai iso ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kuɗin yashi kasuwa ɗaya yake ƙarewa, rijiyar da ta ƙafe kuwa ba a sayo ta a kasuwa.