Burtalin da ke cikin kwamfuta

Duk wanda ya bi hanyar Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis, ya ga shanu suna kwarara zuwa kara, ya san fa'idar burtali, ko da yake a sauran kwanaki fili ne kwance wanda manomi ke kallo yana haɗiyar yawu. Wannan ne ya faɗo mini a rai makon jiya, sa'ad da wani matashi mai kula da kwamfutocin wani ofishi a Sule Tankarkar ya kawo mini kukan cewa babbar na'urarsu takan sume ba gaira ba dalili, su kuwa ba su da magani sai a kashe a kunna. Da na bincika, ashe shi da kansa ya nome burtalinta, don ya ga wani yanki na memori zaune ba ya aiki.

Asalin al'amarin shi ne, a manhajar Linux akwai wata dabara mai suna kdump, wadda ta shiga cikinta a 2005. Tun lokacin kunna na'ura akan yanke wani yanki na memori, misali megabait 256, a haramta shi ga kowane aiki, a zaunar da wata ƙaramar manhaja a ciki tana jira. Hikimar kuwa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya zauna gaban malaman fiƙihu, domin wanda hankalinsa ya gushe ba a dogara da wasiyyarsa. Haka babbar manhaja, in ta shiga magagin mutuwa, ba a amince mata ta rubuta abin da ya same ta, kada ta ɓata sauran ajiya, sai dai ƙaramar nan ta farka, ta kwafe abin da ke cikin memori a fayil mai suna vmcore, sa'an nan na'ura ta sake tashi. Windows ma tana da irin nata, kuma da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka faɗi ranar 19 ga Yuli, 2024, saboda kuskuren sabuntawar manhajar kamfanin CrowdStrike, irin waɗannan fayiloli Microsoft ta bincika ta nuna inda cutar take.

Ban ce kowa ya yi ba. Mai shagon buga takardu a Gagarawa, wanda memorinsa duka gigabait 4 ne, in ya ƙi sadaukar da kashi ɗaya cikin sha shida, ba zan zarge shi ba. Kuma in wuta aka ɗauke, babu wasiyyar da za a samu. Amma na'urar da ke riƙe da albashin ma'aikata ko bayanan marasa lafiya hukuncinta daban ne, tun da yake mun saba ɗora kowane laifi a kan zafin bazara da ƙurar hunturu, alhali wani lokaci ɓarakar tana cikin manhaja, ta kuma dawo gobe.

Matashin ya mayar da megabait ɗinsa 256, yana gunaguni. Yanzu ni da shi muna jiran suma ta gaba.