Ko mai zuwa sama sai ya sauko ya kawo lissafi

Yau maganarmu ta yi nisa da gida, don Amurka za mu je, amma ku yi haƙuri ku bi mu, akwai abin ɗauka a ciki.

Kowa ya san NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wadda ta kai mutum duniyar wata a 1969. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan hukuma mai cike da manyan masana ba ta da ikon kashe ko dala ɗaya sai majalisar dokoki ta ware mata. Kuma doka ta tilasta mata ta riƙa dawowa tana faɗin inda kuɗin suka shiga.

Dokar da majalisa ta yi wa hukumar a 2005 ta fito da abin a fili. Duk aikin da zai ci sama da dala miliyan 250, sai NASA ta rubuta tun farko nawa zai ci da kuma yaushe zai kammala. Idan kuɗin haɗa shi ya ƙaru da kashi 15 cikin 100, ko aka samu jinkirin wata 6, dole shugaban hukumar ya sanar da kwamitocin majalisa, ya bayyana dalili. Idan ƙarin ya wuce kashi 30, to nan magana ta canza: in majalisa ba ta sake amincewa da aikin ba, bayan wata 18 za a rufe masa famfon kuɗi.

Ra'ayina shi ne, waɗannan alƙaluma su ne ƙashin bayan sa ido. Dokar da ta ce kawai "hukuma ta riƙa ba da rahoto", ba ranar kawowa, ba iyaka, ba hukunci, ba ta ɗaure kowa ba. Sai ranar da shugaba ya ga dama ya aiko da takarda mai hotuna masu kyau, a tafa masa.

Ga misali. Madubin hangen sararin samaniya mai suna James Webb, lokacin da aka fara tsara shi ana maganar dala miliyar 1 zuwa 3 da rabi. Shekaru suka yi ta tafiya, kuɗi na hawa. A 2010 Sanata Barbara Mikulski, wadda kowa ya san masoyiyar aikin ce, ita da kanta ta nemi a kafa kwamitin bincike mai zaman kansa. Kwamitin ya gano cewa matsalar ba ta fasaha ba ce, ta kasafi da jagoranci ce: tun farko an faɗi farashin da bai isa ba. Ya ce aikin zai kai dala miliyar 6 da rabi. A watan Yulin 2011 wani kwamitin majalisar wakilai ya kawo shawarar a soke aikin baki ɗaya.

Daga ƙarshe ba a soke ba. Majalisa ta ce a ci gaba, amma ta gindaya iyaka: kuɗin haɗawa kada ya wuce dala miliyar 8, sannan ofishin binciken kuɗi na majalisa, GAO, ya riƙa bin aikin yana kawo rahoto kowace shekara. A 2018 aka sake samun tangarɗa. Wajen gwaji, noti da ƙananan kusoshi suka kwance suka zubo, an kuma gano an wanke wasu bawul da sinadarin da bai dace ba. NASA ta koma gaban majalisa ta ce za ta tsallake iyakar da kimanin dala miliyan 800. Ƴan majalisa suka kira shugaban hukumar da shugaban kamfanin da ke haɗa madubin, suka yi musu tambayoyi a bainar jama'a, sannan a 2019 suka sake amincewa.

Ranar 25 ga Disamba 2021 aka harba James Webb daga Kuru, a Guyana ta Faransa. Yau yana can nisan kilomita miliyan 1 da rabi daga duniya, kuma tun Yulin 2022 yake aiko da hotunan taurarin da ido bai taɓa gani ba. Jimillar kuɗinsa ta kusa dala miliyar 10, abin da ya zarce kasafin kuɗin ƙasarmu na shekara guda nesa ba kusa ba.

Wani zai ce: to ina amfanin sa idon, tunda kuɗin sun ninka kuma an biya? Tambaya ce mai kyau. Gaskiya rahoto bai hana tsada ba. Amma ya sa an canza jagorancin aikin, an sake kasafi bisa gaskiya, kuma duk ƙarin da aka yi, wakilan masu biyan haraji ne suka ɗaga hannu a kansa, ido na ganin ido. Akwai bambanci tsakanin maigidan da magini ya zo ya ce masa "siminti ya ƙare, ga dalili, za ka ƙara ko mu tsaya?" da wanda sai ranar tarewa ya tarar da bashi na jiransa a ƙofa.

Kuma kada a ɗauka doka kaɗai ta isa. A 2020 babban sufeton NASA ya gano cewa a aikin babbar roka SLS, hukumar ta cire kuɗin wasu sassa, sama da dala miliyan 800, daga lissafin, amma ba ta rage adadin farko da ake auna ƙari da shi ba. Sai ƙarin ya fito ƙarami a takarda. Wato ko a can, mai kawo rahoto ya san yadda zai yi masa kwalliya. Abin da ya tona shi shi ne akwai mai bincike na daban, kuma rahotonsa kowa na iya karantawa.

Me ya kawo wannan magana shafinmu? Maƙwabciyarmu Najeriya ta harba tauraron sadarwa NigComSat-1 a watan Mayun 2007, ya daina aiki a Nuwamban 2008, sai a Disamban 2011 aka harba madadinsa. Mu ma a ƙarshen 2024 hukumominmu sun sa hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha kan samar wa Nijar taurarin ɗan'adam na sadarwa da na sa ido kan ƙasa. Ƙasa mai faɗin tamu, mai dogayen iyakoki, ga manoma da makiyaya masu jiran labarin damina, tana da buƙatar irin wannan kaya, babu musu. Don haka ne ma ya kamata tun yanzu a rubuta ƙa'ida: nawa zai ci, yaushe zai tashi, wa za a kai wa rahoto, kuma ƙarin kashi nawa ne zai sa a tsaya a sake zama. Abin da ya shafi sirrin tsaro a ajiye shi a ɗakin sirri, wakilai kaɗan su gani. Amma farashi da wa'adi ba sirri ba ne, kuɗin talaka ne.

Tambayar lissafi ba adawa da ci gaba ba ce. Wadda ta fara neman a binciki James Webb ita ce ta fi kowa kare shi a majalisa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wanda ya karɓi dukiyar jama'a, komai iliminsa, ya dawo ya faɗi yadda aka yi da ita.

Ku faɗa mana ra'ayinku, ƴan'uwa. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.