Azumi da Rufe Makarantu a Ƙasar Gwandu

A shekarar 2025 gwamnatin Jihar Kebbi, kamar takwarorinta na Kano da Katsina da Bauchi, ta rufe makarantu tsawon watan Ramalana. Masu goyon bayan matakin suna da hujja mai ƙarfi, domin a watan Maris zafin wannan yanki yakan kai digiri 40, kuma yaron da bai saba da azumi ba yakan galabaita tun kafin azahar.

Sai dai duk wanda ya ratsa fadamun Kalgo a irin wannan lokaci zai tarar da manoman rani suna ban ruwa a gonakin shinkafa da azumi a bakinsu. Sukan yi sammako bayan sallar asuba, su ajiye aiki kafin rana ta take. Wannan dabara ce ta fi dacewa da makaranta, wato a shiga aji da wuri, a tashi da hantsi, maimakon yara su share makonni biyar a gida.

Tarihin Gwandu ma abin dubawa ne. A nan kabarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, mawallafin tafsirin Liya'ut Ta'awili, wanda ya rasu a 1829. Al'adar da malamai irinsa suka bari ita ce karatu ya ƙaru idan azumi ya kama, shi ya sa majalisun tafsiri ke cika. Abin takaici, a shekarun da makarantu ke buɗe ma, wani malamin yakan zauna sahun gaba wajen tafsiri da yamma, alhali da safe ya bar ɗalibansa babu darasi, wai azumi ya wahalar da shi. Albashin watan kuwa cikakke yake karɓa.