Masara Baƙuwa Ce, Dawa Ce 'Yar Gida

Duk wanda ya bi hanyar Nyanya zuwa Karshi da damina, in ya iso Jikwoyi da la'asar, zai tarar da mata a bakin titi suna gasa masara. In ka tambayi mai saye, sai ya rantse maka cewa abincin kakanninsa ne tun fil azal. To, ba haka abin ya ke ba.

Asalin masara dai kudancin ƙasar Meziko ne, inda aka fara nomanta kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Ba ta ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Turawan Fotugal suka kawo ta bakin teku, amma mu a nan Arewa sunanta ne ya tona asirinta. Masana harshe sun ce dawar Masar ce aka gajarta, watau ta biyo ta Masar da Borno ne kafin ta iso mu. Barebari ma kusan haka su ke kiranta.

Rogo kuwa daga Barazil ya ke. Ya daɗe bai sami karɓuwa ba domin akwai mai ɗaci wanda ke da dafi, sai da 'yantattun bayi suka komo Ikko daga can a ƙarni na 19, suka yaɗa dabarar gurza shi da matsewa da toyawa. Garin kwaki ke nan, abokin ɗan makaranta. Gyaɗa ma daga Kudancin Amurka ta fito, ko da ya ke bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ta zama tamu, har Alhassan Ɗantata ya yi suna da ita. Haka barkono da tumatir.

'Yan gida su ne gero da dawa da acca da wake, sai doya wadda Gwarawa, masu ƙasar Jikwoyi, suka gwanance da nomanta tun kafin a yi dokar kafa sabon birnin tarayya a 1976.

Ba laifi ba ne baƙo ya zauna, amma abin dubawa shi ne ya tura mai gida zaure. Masara ba ta yi sai da taki da wadataccen ruwa, alhali kuwa gero da dawa kan jure fari a ƙasar da ta gaji. Manomin da ya mai da gonarsa duka ta masara, ya ɗaura cikin iyalinsa ne ga farashin buhun takin zamani.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce daddawa. Kalwar ɗorawa a ke dafawa, a surfe, a rufe ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, sannan ta zama ran miyar kuka. Dunƙulen Maggi, wanda kamfanin Julius Maggi na ƙasar Suwizalan ya fito da shi a 1908, ya kore ta daga tukwane da yawa. A da manomi ba ya sare ɗorawa a gonarsa, gado ce a ke rabawa. Yau gonakin Jikwoyi sun zama fulotai, kuma mai yanka fuloti ba ruwansa da kalwa.